Wuyan Hannun Mahauci

…kuma wai sauti ne. Sautin da kunne ba ya ji. Haka likitar gashin ƙashin nan ta ce, 'yar Yarabawa, da Hausarta ta kasuwar Agege: "Baba, shi ne zai tura magani ciki, babu allura." Ta matsa maganin a wuyan hannuna, sanyi kamar kamu, ta ɗora kan na'urar da ke fitar da sautin tana zagayawa. Zagaye… zagaye… Ni ban ji komai ba. Ɗan ɗumi, wataƙila. Ko dai raina ne ke son ya ji?

Mariamu, da kina raye da kin sha dariya. Ni Nata'ala, da na yi furfura a mayankar Oko-Oba, ga hannuna a shimfiɗe kan tawul kamar tsokar da ta yi kwantai. Ke man shanu kike narkawa ki murza mini, kina mita — "Baban Badiyya, hannun nan fa ba ƙarfe ba ne" — ni kuwa in ce miƙo tuwo.

Ranar da abin ya faru, wani farin sa ne, na Alhaji Isiyaku. An kayar, an ɗaure, an juya shi alƙibla. Na yi bisimilla, na ja — sai yatsun suka buɗe. Da kansu. Wuƙa a ƙasa, cikin jini. Rabin maƙogwaro… dabba na gurnani, tana shure-shure, idon nan a kaina. Alu da ke yanka kusa da ni ya tsallako ya ƙarasa. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni! "Sannu, Baba." Sannu… Washegari Alhaji ya gaishe ni har da rusunawa, ya wuce, ya kira Alu.

Zagaye… Motocin danfo na ta hon a titi. Badiyya na can waje a benci, ta rufe shagon ɗinkinta saboda ni. Tun kafin azumi muke sintirin nan. "Za ka warke, Baba, na ga waɗanda suka warke." Na san akwai su. Wancan ɗan dakon na Ketu da kafaɗarsa ta riƙe, ba ga shi ya koma ɗaukar kwandon tumatir ba? Amma shi yaro ne. Ni fa?

Fata… wa zai gaya mini fata? Na feɗe ta har na daina jin ƙarninta. Ruwa ba ya ratsa ta. To a ce sautin ya buɗe hanya, a ce maganin ya shiga — me zai tarar? Jijiyar da ta ƙare? Gida ma, in koma Malumfashi in ce da su me? Ko buta sai da hagu biyu… astagfirullah, wace hagu biyu, kaina ma ya soma—

Na'urar ta yi ƙara. Likitar ta goge mini hannu, ta sa yatsunta biyu a tafina.

"Oya, Baba, matse."

Na matse. Na cije haƙora, gumi na bin ƙeyata. Duk abin da ya rage mini na zuba a ciki.

Tana kallona, tana murmushi, tana jira.

"Baba, fara mana."

Mariamu… ai na fara. Tun ɗazu.