Rabon Ido

Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Mansura har suka shiga Alkahira, Rabab ba ta saki ambulan ɗin da ke kan cinyarta ba. A ciki akwai takardar haihuwar Sundus, da hotuna biyu, da fom ɗin ƙungiyar masu kaifin basira, wanda sai da ta cike sau uku kafin ta yarda da rubutunta. Ita kuwa Sundus, 'yarta mai shekara tara, ta manna goshi a gilashin taga tana ƙirga turakun lantarki.

Ba don a gani a faɗa Rabab take neman katin ƙungiyar ba. Wata huɗu ke nan Sundus na amai kowace safiya kafin a tafi makaranta. Tun ranar da ta gyara wa malamar ajinsu lissafi a kan allo aka mayar da ita bencin baya, yara kuma suka sa mata suna Tsohuwa. Ta daina ɗaga hannu, daga baya ma ta daina magana har a tashi. Akwai wata makaranta a hayin kogi mai aji na musamman don irin waɗannan yara, amma ba sa ɗaukar kowa sai da katin, kuma ranar Alhamis za su rufe rajista. Yau Litinin.

Da safe da za su fito, Hajja Ni'imat, uwar mijinta, ta tare su a bakin matakala da kaskon turare.

"Zo nan, mummuna," ta ce wa jikarta. Tun Sundus na cikin zani haka take kiranta, don kada baki ya kama ta.

"Mama, jirgi zai tafi ya bar mu," in ji Rabab.

"Ya tafi mana, gidan ubana zai kai ni? Kin ɗauki 'ya za ki kai wa baƙi su ƙwanƙwasa mata kai kamar kankanar kasuwa."

Ta zagaya kaskon a kan yarinyar, ta maƙala mata shuɗin dutsen kariya daga mugun ido a cikin wuyan riga, sannan ta daɗe tana yi mata raɗa. Rabab ba ta tambayi abin da aka ce ba. Kowa a gidan ya san labarin Wagdi, ɗan farin Hajja, wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar lardi har aka buga hotonsa a jarida, bayan mako biyu zazzaɓi ya ɗauke shi.

Ofishin ƙungiyar yana hawa na huɗu. Aka shiga da Sundus, aka bar Rabab a falo tare da wata mata mai zobba har a babban yatsa.

"Nawa tun yana shekara uku yake karanta wa ubansa jarida," matar ta ce ba tare da an tambaye ta ba. "Taki fa?"

"Tawa dai ga ta nan, a hankali," Rabab ta ce, ta sauke ido. Bakinta ne ya faɗa kafin ta yi tunani.

Bayan awa biyu Dakta Mirfat, wadda ta yi gwajin, ta leƙo ta kira Rabab ita kaɗai.

"Zauna, Maman Sundus." Ta juyo mata da takarda. "Tambaya sittin na yi mata. Ta faɗi goma sha biyu. Makinta bai kai ba."

Rabab ta dubi takardar. "Ko dai tsoro ne, Dakta? Ba ta saba da baƙi ba."

"Dubi waɗanda ta faɗi." Likitar ta bi layin da bakin biro. "Ta biyar. Ta goma. Ta sha biyar. Haka har ƙarshe. Ta biyar ɗin nan ɗan shekara huɗu zai amsa ta yana tsotsar alawa. Ta hamsin da tara kuwa, ni kaina sai na duba littafi, ita ko numfashi ba ta ja ba."

Aka shigo da Sundus. Ta tsaya ta haɗa ƙafafu, hannunta ɗaya a wuyan riga.

"'Yata," likitar ta ce a hankali, "kin san amsar ta biyar?"

Sundus ta kalli uwarta, sannan ta gyaɗa kai.

"To me ya sa kika faɗi wata?"

"Tita ta ce in bar wa ido rabonsa. Biyar ce take korar ido." Tita take ce wa kakarta, Hajja. "Ta ce in na cinye duka a gaban baƙi, zan bi Baffa Wagdi."

Da aka mayar da yarinyar falo, Rabab ta matso har gwiwarta ta taɓa tebur.

"Ai kin gani da idonki, Dakta. Ki sake yi mata guda goma sha biyun nan. Yanzu ma, ina zaune."

"Ba a sakewa sai bayan shekara biyu. Ta riga ta ga tambayoyin."

"To ki rubuta cewa ta sani."

Dakta Mirfat ta cire tabarau ta murza ido. "Wallahi na gane. Ni ma da tsumma aka rene ni don kada maƙwabta su yaba. Amma ba ni ke ba da kati ba, kwamiti ne, su kuma lamba suke karantawa. Zan rubuta musu bayani. Sai dai ba za su zauna ba sai bayan wata uku."

"Ranar Alhamis ake rufewa."

"Na sani." Ta tura mata kofin shayi. Rabab ta riƙe kofin har ya huce a hannunta.

A jirgin komawa ta shirya maganganu iri-iri da za ta faɗa wa surukarta. Ta shirya masu zafi, ta sassauta su, ta sake zafafa su. Sundus ta ci rabin burodi da wake ta yi barci a kafaɗarta.

La'asar sakaliya suka iso. Hajja Ni'imat na zaune a kan matakala, da alama tun azahar take wurin, carbi a hannu, idanunta sun yi ja.

"Yaya?"

"Ba ta samu ba, Mama."

Tsohuwar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jawo Sundus ta rungume, tana shinshinar kanta. "Alhamdu lillahi. Kin dawo min, mummunata. Na dafa miki shinkafa da madara."

Rabab ta buɗe baki. Ta bayan kan Hajja, ƙofar ɗaki a buɗe take, ga hoton jaridar nan a bango cikin gilashi, ya koma ruwan ƙasa: yaro mai manyan kunnuwa yana murmushi da takarda a hannu. Ta rufe bakinta, ta raɓa su ta haye sama.

Washegari tana goge rigar makaranta ta jiyo kakarin amai daga banɗaki. Ta ajiye dutsen guga, ta je ta durƙusa, ta tattare wa yarinyar gashi baya. Da abin ya lafa, Sundus ta ɗago, ta share baki da bayan hannu.

"Mama, ai ban yi kuskure a ƙirga biyar-biyar ɗin ba ko? Ban tsallake ko ɗaya ba."

"Ba ki tsallake ba," Rabab ta ce. Ta wanke mata fuska, ta koma ta ɗauko rigar.