Sau Ɗaya Ya Taya

Miji na rasa, na samu shago. Gwiwar hagu na rasa, na samu sanda. Barci na rasa, shi kam ban samu komai a madadinsa ba. Yanzu ga ni a kujerar baya an ɗaure ni da bel kamar kwalin kofuna, a ƙasar da ko sunan garuruwanta ba ya zama a bakina.

Tela, kana ji na? Autanka ne ke tuƙi. Ƙeyarsa taka ce sak, har wannan ninkin. Matarsa Nas tana gefensa, ta cire takalmi ta naɗe ƙafa, su biyu suna bin umarnin wata mata da ke magana a cikin waya. Ta ce dama, ya yi dama. Ni da na haife shi ban taɓa samun wannan biyayyar ba.

Kwana goma sha ɗaya. Hutunsu ne, ni rakiya ce — a ce an fita da tsohuwa ta ga duniya. Na gani. Duwatsu, ruwa, gonaki, ruwa kuma. Alluna masu rubutu suna wucewa, ni lamba kawai nake kamawa: ɗari da tamanin... ɗari da sittin da biyu... Gobe a mayar da motar haya, jibi jirgi. Su su sauka garinsu, ni in wuce nawa.

In wuce nawa.

Jiya a wani shago a bakin hanya na ga tukunya. Tela, tukunya! Gindi mai kauri, murfi ya zauna daram, na ƙwanƙwasa ta amsa mini. Shekara talatin ina sayar da tukwane, ba a yi mini burga da ƙarfe. Na ɗaga wa yarinyar shagon yatsu, rabin kuɗin da aka liƙa. Ta yi murmushi, ta nuna takardar. Na ƙara yatsa ɗaya. Ta sake nuna takardar. To, na ajiye, na juya baya, na kama tafiya a hankali yadda ake yi. Taku uku ake kira. In mai kaya ya cika taurin kai, biyar. Bakwai... goma... har ƙofa ta buɗe kanta ta fitar da ni. Na tsaya a jikin mota ina gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Ba wanda ya kira. Wace irin ƙasa ce wannan da mutum zai tafi a bar shi ya tafi?

Ashe a gidana na raini irinsu.

Ranar farko ce, a bakin teku, iska na neman tsige mini ɗankwali. Auta ya tsuguna a gabana ya ce, “Umma, ki dawo wurinmu mana. Ɗakin ƙasa babba ne, da banɗaki a ciki, ba hawa ba sauka.” Na ce Allah ya sawwaƙe, ina da gidana, ina da shagona, ban zama kayan ajiya ba tukuna. Me zan ce? Wa yake sallamawa a tayin farko? Albarka ake cewa, mai saye ya ƙara. Ya ce don Allah, in ce a'a. Ya turo matarsa, in ce zan duba. A na uku in sauke ajiyar zuciya in ce to, don kun matsa. Haka ake shiga gidan mutane da daraja. Kai ma sau nawa ka zo kafin in ɗago kai in dube ka?

Sai ya ce, “To Umma, yadda kika ce.” Ya karkaɗe yashi daga wandonsa, ya je ya sayo mini ruwa.

Yadda na ce! Yaushe aka fara ɗaukar maganata ta farko?

Na ba shi hanya, Allah ya gani. A masauki na yi nishi a kan matakala fiye da yadda gwiwar ta ce in yi. A wurin cin abinci na ce gidan nan nawa ya yi mini girma. Ya ce a samo mai shara. Mai shara, Tela! Karatun nan da muka kashe kanmu a kai, abin da ya koya masa ke nan — in mutum ya ce a'a, wai a girmama shi.

Bai sani ba... ba wanda ya sani. Watan jiya, banɗaki, santsin sabulu. Tun hantsi nake kwance a kan tayil har aka yi azahar, ina kallon ƙasan bokiti, ina jin wayata tana ƙara a ɗaki. Da maƙwabciya ba ta zo aron tsani ba... Na sa ta rantse. Na ce in ta faɗa, ni da ita har abada. Tun ranar ba na sa sakata in zan yi wanka. Ni, da nake rufe shago da kwaɗo uku.

Ɗari da goma.

Ɗazu da suka ɗauka na yi barci, na ji Nas tana cewa ƙanwarta ta samu makaranta a garinsu, a ba ta ɗakin ƙasa, tunda Umma ta ƙi. A hankali ta faɗa, ba da mugunta ba. Nas ɗin nan ita ke shafa mini magani a gwiwa kowace safiya, hannunta ba ya ƙyama. Auta ya ce to. Shi ke nan, an sayar. Ina zaune a nan, ido a rufe, aka sayar da ɗakina ga mai tayi na biyu. Saura ƙaramin na bayan kicin, wanda na gani bara, inda suke tara akwatuna. Taga kamar faranti. Banɗaki sai an ratsa falo.

Na sha yi wa masu saye dariya in sun tafi sun dawo. Amma na san ɗayar ma: ranar da mai kaya ya bi mai saye da kira, ba shi da sauran baki. Abin da aka ba shi, shi zai karɓa.

Na gaji, Tela. Bayana ya gaji, bel ɗin nan ya ci mini wuya, na gaji da riƙe fuska.

“Auta.”

“Na'am, Umma? A tsaya ne?” Idonsa a madubi. Matar cikin waya ta katse mu, wai a yi hagu. Ya yi hagu. Yana jira.

Na lissafa farashin. Ɗakin bayan kicin. Makullan shago a hannun wani. Zancen banɗaki, duka, har bokitin, a gaban matarsa. Kuma ni zan roƙa, da bakina, ba wanda ya matsa mini...

To. A haka. Na sallama.