Gilasai Goma Sha Biyu a Villazón

A shekarar 1934, muna shekara ta biyu da fara yaƙi da Paraguay, ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ta aiko mini da takarda, wai in kai hotunana talatin su rataya a zaurensu. Sunana Benigna Torrico. A lokacin shekarata goma sha tara ina riƙe da shagon hoton da mahaifina ya bar mini a La Paz, kuma ban taɓa taka ƙasar wasu ba. Wata huɗu na yi ina sintiri ofis-ofis kafin a buga mini hatimin fita.

A hanya na sauka Tupiza, na kwana biyu wurin Gwaggo Rufina. Na ɗauki kasuwa, na ɗauki mata masu wanki a bakin rafi, na ɗauki Gwaggo da kajinta, gilashin hoto takwas ke nan. Ranar da zan wuce, na iso tasha na tarar jirgin ƙasan da ya kwaso majinyata daga fagen fama ya lalace, an sauko da su an shimfiɗe a ƙasa cikin rana. Sun fi ɗari. Wasu ba takalmi, wasu ba ƙafar ma. Leɓunansu duk sun tsattsage. Doka ta hana ɗaukar irin wannan, kuma na san da dokar. Na kafa kyamarata a bayan buhunan dankali na ɗauki huɗu.

A gilashi muke ɗaukar hoto, kuma kafin a wanke shi, ko ƙyallin haske ya taɓa shi ya tashi aiki. Na naɗe kowanne cikin baƙar takarda, na rubuta lamba da alli, ɗaya zuwa goma sha biyu, na kulle su a ƙaramin akwatin katako. Nufina sai na isa Buenos Aires in wanke su hankali kwance.

A jirgi kujerata na kallon ta wani dattijo mai ƙaton ciki, Don Melitón Saravia, likitan haƙori daga Oruro. Taron likitoci zai je a Buenos Aires, karo na huɗu ke nan. Tun kafin jirgi ya motsa ya ba ni labarin tekun da ya gani, da naman da ya ci, da haƙoran mutanen Ajantina da ya ce sukari ya gama da su. Sai da muka yi nisa ya sunkuyo kamar zai ɗaure takalmi.

"'Yar nan, buhunan dankalin nan ba su kai ki tsawo ba," ya ce a hankali.

Ashe ya gan ni ina ɗauka a tasha. Shi kuwa ya ɗago ya miƙo mini lemo kamar bai ce komai ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa Villazón, bakin iyaka. Jirgin Ajantina na can ƙetaren gada, ƙarfe uku zai tashi, in ka rasa shi sai bayan kwana huɗu. Aka jera mu a rumfar kwastan, kowa da kayansa a kan dogon tebur. Da can ma'aikatan kwastan ne kaɗai a wurin, amma saboda yaƙi an ƙara da soja. Mai ba da umarni wani laftana ne, Oblitas, siriri, bai wuce ashirin da biyar ba, idanunsa rawaya irin na wanda zazzaɓi bai gama saki ba.

Ya duba hotunana talatin ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta takardar gayyata har sau biyu. Sannan ya ɗora yatsa a kan ƙaramin akwatin.

"Buɗe wannan."

"Ranka ya daɗe, ba ya buɗuwa a nan. Gilasan da ban wanke ba ne. Haske na shiga sun lalace."

"Me ke jikinsu?"

"Kasuwar Tupiza. Mata a rafi. Gwaggona."

"Gada fa? Tasha? Bariki?"

"Me zan yi da bariki?"

"Ke ba abin da za ki yi da shi. Akwai masu saye a Buenos Aires." Ya juya wajen Don Melitón, wanda ke bayana rungume da jakarsa. "Baba, daga Tupiza tare kuke. Ka ga ta ɗauki wani abu a tasha?"

Ban waiwaya ba. Ina jin dattijon yana sauke numfashi.

"Ni? Ɗana, tun daga tashar Uyuni, can kafin Tupiza, barci nake, tambayi duk mutanen taragon, sun kusa jefa ni ta taga saboda minshari. Amma tunda muka haɗu, haƙorin nan naka na ƙasa, na hagu, yaushe ya fara ciwo? Tun ɗazu nake ganin yadda kake tauna magana."

Wani kofur ya yi dariya, laftana ya kalle shi, dariyar ta mutu.

"Saje, kawo guduma," in ji Oblitas.

Na dafe murfin da hannu biyu. Bakina ya riga tunanina. "Tsaya. Ina da ruwan wanke hoto a jakata. A ba ni ɗaki mai duhu, ka zaɓi wanda kake so, in wanke a gabanka ka gani da idonka."

Ya dubi agogon bango. Biyu saura kwata. "Ke jirgi zai bari, ba ni ba," ya ce.

Akwai wani ɗakin ajiya a bayan rumfar, cike da sirdi da buhunan gishiri, taga ɗaya ƙarama. Muka toshe tagar da buhu. Ƙofar kuwa duk tsagu ce, sai Don Melitón ya tuɓe ƙaton mayafinsa na ulu ya shimfiɗa a jikinta daga waje, ya tsaya ya tokare da bayansa.

"Yau dai ƙibata ta yi rana," na ji yana faɗa wa saje. "Matata ta ji labari ba za ta yarda ba."

Na kunna fitilata mai jan gilashi, na jera tasa uku a kan akwatin gishiri. Daga ni sai laftana a ciki. Na buɗe akwatin, lambobin alli suka bayyana cikin jan haske.

"Uku," ya ce.

Na yi ajiyar zuciya yadda ba zai ji ba. Na warware na uku na tsoma. Ruwan Villazón sanyi gare shi kamar ƙanƙara, kuma ruwa mai sanyi ba ya fito da hoto da wuri. Na riƙa jijjiga tasar, minti biyar, minti bakwai, gilashi fari fat.

"Ko dai wasa kike mini da hankali?"

"Sanyi ne, ranka ya daɗe. Ka ƙara haƙuri."

Na rungume tasar a cikina don ɗumin jiki ya taimaka. Can sai inuwa ta fara tasowa: hulunan mata, tulin albasa, kunnen jaki. Na ɗauraye, na sa a tasa ta uku, na ɗaga masa a gaban fitila.

"Me ya sa fuskokinsu baƙi, inuwarsu fara?"

"Haka yake a gilashi. Sai an buga a takarda yake juyewa."

Ya daɗe yana kallo. Daga waje muryar Don Melitón ta shigo: "Biyu da kwata, jama'a! Ba don ina gaggawa ba, bayana ne ya fara tsami."

Na fara haɗa tasoshina.

"Ban ce ki tashi ba," in ji laftana. "Wanne kika ɗauka na ƙarshe?"

Na sauke tasar da ke hannuna.

"Goma sha biyu, ko? Wanke shi."

"Jirgi zai..."

"Wanke shi."

Na yi tunanin in saki gilashin ya faɗi, in ce hannuna ne ya yi sanyi. Amma akwai uku a bayansa, kuma ba yaro ba ne. Na warware na tsoma. Wannan karon ruwan ya riga ya yi ɗumi, ko minti uku ba a yi ba hoton ya taso. Layin mutane a kwance har ƙarshen tasha. A gaba-gaba wani ya ɗaga gwangwani da hannu ɗaya yana roƙon ruwa, bakinsa a buɗe. A bayansa ana iya karanta sunan tashar a jikin allo.

Laftana ya karɓi gilashin da kansa, ruwa na ɗiga a hannun rigarsa. Ya matso da shi kusa da fitila har na ji tsoron zafi zai fasa shi. Ina jin numfashinsa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba.

"Nawa ne irinsa?"

"Huɗu."

"Kin san abin da aka ce in yi da mai irin wannan?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. La Paz ba za ki koma ba, kotun soja na nan kusa." Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ba ya so gishirin ma ya ji. "Don me kika ɗauka? Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Na gan su ne, kuma sana'ata ke nan."

"Ki kai wa mutanen Buenos Aires su sha giya suna kallo."

"Ban yi tunanin inda zan kai ba, ranka ya daɗe. Na ga dai ba mai kallonsu."

Ya ja tsaki. "Waɗannan ma sun ci sa'a, an ɗauko su a jirgi. Ba ki ga komai ba, baiwar Allah."

Don Melitón ya ƙwanƙwasa da gwiwar hannu. "Biyu da rabi da biyar! Laftana, ka ji tausayin tsoho."

Oblitas ya zaro hankicinsa ya naɗe gilashin, ya tura shi cikin rigarsa ta ciki, jiƙe yadda yake. Sannan ya nuna akwatin da haɓa.

"Saje ya ga akwati ya shigo nan, kuma saje yana da baki. Za ki fita da shi, ki buɗe a rana da hannunki, kowa na gani. Duka. Na ukun nan ki tafi da shi, albasa ce."

"Bakwai daga ciki ba ruwansu. Gwaggona ce, da..."

"Duka. Ko ki zauna mu wanke su ɗaya-ɗaya, saje na riƙe da fitila."

Na ɗauki akwatin na fita. Rana ta soke mini ido. A tsakiyar filin tasha, gaban fasinjoji da sojoji da mata masu sayar da dafaffiyar masara, na durƙusa na warware baƙar takarda ɗaya bayan ɗaya, na jera gilasai goma a ƙasa. Ba abin da ido zai gani ya canza, suna nan farare kamar madara, amma ni na san sun mutu tun kafin in ajiye su. Gwaggo Rufina shekararta tamanin da ɗaya, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba sai wannan karon.

"Ba komai a ciki, kasuwa ce da kaji," laftana ya faɗa wa saje da ƙarfi. "Amma ba gilashin da zai ƙetare ba a gan shi ba. Buga mata hatimi."

Uku saura minti takwas muka hau gada. 'Yan dako sun yi gaba da manyan kaya. Don Melitón ya riƙe hannuna, yana haki.

"Kada ki waiwaya, kada ki yi gudu. Yi dariya, ina ba ki labari ne."

"Wane labari?"

"Oho. Ki dai yi dariyar."

Gadar ba ta da tsawo, amma kowane taku jira nake in ji an kira sunana. Gilashin nan yana ƙirjin mutumin, da sunan tasha a jiki, ya ishe shi hujja duk lokacin da ya ga dama. Wani ya yi fito a bayanmu, na tsaya cak, dattijon ya finciko ni gaba. Ashe mai jaki ne.

Jami'in Ajantina ko kallon fuskata bai yi ba, ya buga hatimi yana hamma. Muna zama jirgi ya ja. Igiyar hulata ta ƙulle, na kasa kwance ta. Don Melitón ya kwance mini, ya ciro burodi da cuku ya tsare ni sai da na ci rabi.

"Haƙorin nan nasa fa da gaske ruɓewa yake," ya ce, yana kallon taga. "Da ya bari na cire masa."

An rataya hotunana mako uku a Buenos Aires, jaridu biyu suka yaba. Ban koma gida ba sai da aka tsagaita wuta a shekarar da ta biyo baya, kuma duk tsawon lokacin, ko ɗan aike ne ya buga ƙofar masaukina sai na leƙa ta taga kafin in buɗe. Ba wanda ya taɓa zuwa nemana. Da na biyo ta Villazón a hanyar dawowa, wani farar hula na tarar a teburin. Na tambaye shi Laftana Oblitas, ya ce an mayar da shi fagen fama tun watan Nuwamba, bai san abin da ya biyo baya ba. Ya tura mini fasfona, ya kira na bayana.