Agogo a Kunnen Mai Ganga

Ni ce mai ganga a ƙungiyarmu ta makaɗa, kuma duk garin Groningen an san ni da gudu a kiɗa. Waƙa takan fara a hankali, kafin ta ƙare kowa na haki.

Da muka je ɗaukar faifai, Sjoerd mai situdiyo ya toshe min kunnuwa da na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo, wai in bi ta. Na bi. Faifan ya fito tsaf, kamar gawar da aka yi wa kwalliya.

Ranar Asabar muna shirin wasa a ɗakin ƙarƙashin shagon kekuna, sai ga shi da na'urarsa.

"Wietske, saka wannan. Abin da jama'a suka ji a faifai suka zo nema."

"To su koma gida su kunna abinsu!"

Na rataye ta a ƙusa. Muka fara kiɗa, jama'a suka hau tsalle, ƙafafunsu na ƙara sauri, ina biye da su, har kekunan shagon da ke samanmu suka dinga zubewa.

Da muka gama, Sjoerd ya ce, "Kin lalata waƙar."

Na dubi rigarsa, sharkaf da gumi. "To kai wa ya jiƙa ka?"