Ba Gajiya

"Baba Illi, in ka yi tafiya mai ɗan nisa, kakan ji gajiya?"

"Ba gajiya," in ji tsohon, yana tsiyayo shayi daga sama.

Siddiƙa ta ajiye biro. Daga jami'ar Yamai ta dawo Arlit, garin haihuwarta, don ta yi bincike kan gajiya da motsa jiki a wurin tsofaffin da suka ƙarar da ƙarfinsu a ramin yuraniyom. Kowa ta tambaya, amsar ke nan. Ashe boko ya mantar da ita halin mutanenta: wanda aka koya wa "ba gajiya" tun yana yaro, ko dutse ya wuni fasawa ba zai sauya baki ba.

A tsohuwar tashar motar ma'aikata suke zaune. Motar ta daina ɗaukarsu, amma kowace safiya nan tsofaffin ke haɗuwa. Illi mutumin Abzin ne, abokin mahaifinta Malam Kalilu tun suna shiga rami tare.

"Kai dai ka yi wa babanka faɗa," Illi ya ce mata da Hausarsa ta Abzinawa, mai kiran mace da "kai". "A da shi yake riga kowa zuwa. Yanzu ya zama sarkin gaisuwa, sai shayi ya huce ya iso."

Abin ya ɗaure mata kai. Baba da gaisuwa? Mutumin da ko barka da salla a taƙaice yake yi?

Washegari da ya fita, ta ja mayafi ta bi shi daga nesa. Bai yi nisa ba ya tsaya wurin mai facin taya, ya dafa bango, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Can gaba ya tsaya wurin mai burodi. Daga nan sai ga shi yana gaisawa da Zayyadu mai kanti, wanda ta san sarai ba sa ga maciji. Ta kusa yin dariya, sai ta lura da hannunsa. Duk inda ya tsaya, sai ya sami abin dafawa, kafaɗunsa na hawa suna sauka.

Tsoro ya kama ta. Ciwon ƙirji ya ɗauke abokan aikinsa da dama, kuma bara da Inna ta yi masa zancen likita, kwana ya yi bai ci tuwonta ba. Tambaya ba za ta yi amfani ba, ta riga ta san amsa.

Ta ɗaga ƙafa ta cim masa.

"Ke kuma daga ina?"

"Tasha za ni, Baba. Amma wallahi na gaji. Mu ɗan zauna."

Ya dube ta sama da ƙasa. "'Yan boko ke nan, ba ƙashi sai biro." Amma ya riga ta zama a kan bencin mai kanti. Da ta zauna kusa da shi ta ji numfashinsa, yana fita da ɗan fito kamar buta ta kusa tafasa. Idonta ya ciko, ta juya tana kallon manyan motocin da ke wucewa.

"Baba, gajiyar nan tawa ta dame ni. Ina so a yi mini hoton ƙirji a asibiti, amma ina jin tsoron zuwa ni kaɗai. Ko za ka raka ni, a yi mana tare?"

Malam Kalilu ya daɗe yana murza carbinsa. Shi ya haife ta, ya kuma san kalar ƙaryarta tun tana rarrafe.

"To," ya ce a hankali, bai dube ta ba. "Sai in raka ki. Amma ki tsayar mana da kabu-kabu, tunda kin gaji."