Malama a Kan Keken Aro

Abin da ya fi damun Malama da suka koma sabon birnin nan shi ne rashin tsakar gida. Gidan da suka samu can saman bene yake, ɗaki biyu da falo, sai wata 'yar baranda wadda zanen gado ɗaya in aka shanya ya cika ta. In ta leƙa ta taga, bangon wani benen take gani. A garinsu na da, 'yan aji uku take koyarwa, ko kasuwa za ta sai yara sun raka ta da "Malama! Malama!" A nan kuwa ba ta samu makaranta ba tukuna, sunan ne kawai ya biyo ta, shi ma don mijinta ya ƙi sakinsa.

Mijin kafinta ne a wani kamfanin kujeru. Kullum da yamma zai shigo da ƙamshin katako, garinsa har a gira. 'Ya'yansu biyu. Babbar shekararta biyar, suna ce mata Rediyo, don daga buɗe ido har barci bakinta ba ya hutawa. Ƙaramin kuwa bai fara tafiya ba, suna ce masa Kumatu, duk wanda ya gan shi kuma ba ya tambayar dalili.

Ranar Lahadi ce kawai ranar hutun Kafinta, ya kuma rantse ba za su riƙa yin ta a ɗaki ba. Da hantsi Malama za ta cika fulas da shayi, ta yanka burodi, ta sa ayaba da tsohon bargo a jaka, su shiga bas ba tare da sun san inda za su ba. Duk inda Rediyo ta nuna ta ce "Abba, nan!" nan za su sauka. Da haka suka gano kasuwar furanni, da shagon tsofaffin littattafai mai kyanwa a kan teburin ciniki, da wani tudu inda jirage suke wucewa ƙasa-ƙasa har Kumatu ya riƙa miƙa hannu zai kamo su. Wata rana ma yatsan Rediyo ya sauke su a gaban wajen wankin motoci, suka tsaya suka yi kallo har ma'aikatan suka fara ɗaga musu hannu.

Wata Lahadi suka faɗa wani lambu a bakin kogi, mai ciyawa shimfiɗe da doguwar hanyar masu keke. Sun shimfiɗa bargo ke nan sai ga wata tsohuwa, kanta fari fat, ta zo wucewa a kan keke, kwandonta cike da kayan miya. Hannu ɗaya ta riƙe keken da shi, ɗayan tana gyara tabarau. Malama ta bi ta da kallo har ta sha kwana, shayin da take zubawa ya cika kofi ya malala.

"Malama, kin ga 'yar'uwarki ce?" in ji Kafinta.

"Ka ga tsohuwar nan? Ta haifi mahaifiyata fa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa hawa ba."

"Keke? Duk iliminki?"

"Yayyena ne da keke, ni aikina in riƙe musu riga in za su yi tsere."

Rediyo ta ajiye ayabarta ta dafa kafaɗar uwar. "Kar ki damu, Umma, ni zan koya miki."

"Ke da kika iya?"

"Ban iya ba, amma na san yadda ake yi."

Malama ta ɗauka maganar ta wuce a nan. Sai ranar Asabar da yamma ta ji ƙaraf-ƙaraf a matakala, ana haki ana ƙwala ƙararrawa. Ta buɗe ƙofa, ga Kafinta da keke a kafaɗa, shuɗi, fentinsa ya koɗe, sirdinsa an naɗe shi da baƙin salatif. Na wani abokin aikinsa ne mai fenti, wanda ya sayi babur ya jingine shi a bayan sito.

"Ya ce ki riƙe har ki gaji," in ji Kafinta, yana share gumi. "Birkin baya ne kawai yake da ɗan taurin kai."

"Abban Rediyo, da girmana? In faɗi a gaban jama'a?"

"Wa ya san ki a garin nan?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga gaskiyarsa, ta fashe da dariya.

Filin ajiye motoci na kamfanin ba kowa ranar Lahadi, sai maigadi, wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a kujerar da ta rasa hannu ɗaya. Nan aka buɗe makaranta. Malama ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu. Aka damƙa wa Baba maigadi Kumatu, shi kuwa nan da nan ya kama gemun ya riƙe kamar nasa.

"Kar ki kalli taya, kalli gabanki," in ji Kafinta. Ya riƙe sirdi yana bin ta a guje.

"Kar ka sake ni!"

"Ina riƙe."

"Wallahi in ka sake ni ba ni ba kai!"

"Umma, taka! Taka da ƙarfi! Ba haka ba! Haka!" Rediyo ce take bin su a gefe tana ba da umarni.

Ranar farko gefen rigarta ya shige sarƙa, sai da Kafinta ya durƙusa ya yi ta lallaɓa shi, ya fito baƙi ƙirin da bakin mai. Lahadin da ta biyo baya ta nufi itace ɗaya tilo da ke filin kamar an aike ta wurinsa, duk faɗin wurin nan. Ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, ta ce ita ta haƙura, keke ba na kowa ba ne.

Baba maigadi ya gyara zama. "'Yata, in ɗan ajinki ya ce miki ya haƙura da karatu, me kike ce masa?"

"Baba, ai shi karatu ba ya fasa gwiwa."

"To sake hawa. Shi kuma maigidan naki ya rage surutu, shi yake ruɗa ki. Ga mai surutu an riga an samu a gidan."

Rediyo ta waiga ta duba bayanta, ta ga ko da wa ake.

Sati na zuwa sati na wucewa, har Malama ta fara zagaya filin, Kafinta na biye da ita da yatsa biyu kawai a kan sirdi. Da dare ƙafafunta su yi tsami, ta kwanta tana jin kamar gadon ma tafiya yake yi. Amma ta lura ta daina tsayawa a taga tana kallon bangon nan. In tana wanke-wanke, hankalinta na kan yadda za ta sha kwana ba tare da ta sauke ƙafa ba.

Ranar da suka koma lambun bakin kogi da keken, gari ya yi luf, iska na kaɗawa a hankali. Kafinta ya rungumi Kumatu da hannun hagu, ya kama sirdi da na dama.

"Daga nan zuwa bencin can kawai," ta ce. "Kuma kana riƙe."

"Ina riƙe."

Ta taka. Keken ya yi ɗan layi, ya daidaita. Ta wuce bencin. Ta wuce mai sayar da balan-balan. Tana ta magana, tana gaya masa yau kam ta ji hannunta ya saki, ashe ba wuya, ashe tsoro ne kawai. Da ta ji shiru ya yi yawa sai ta ɗan saci kallon gefe, ta ga inuwarta a kan hanya, ita da keke, babu kowa a baya.

Gabanta ya faɗi. Can nesa ta jiyo muryar Rediyo: "Umma ta gudu! Jama'a, Ummana ta gudu!"

Ta so ta tsaya, amma a daidai nan hanyar ta fara gangara, ƙafafunta kuma suka ƙi barin feda. Iska ta cika mata riga. Kogin na gefenta yana ƙyalli, itatuwa na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wani mutum da karensa suka tsaya a tsakiyar hanya, ta lalubi ƙararrawa ta ƙwala, suka matsa, har mutumin ya ɗaga mata hannu. Sai ta ji wata dariya ta taso mata tun daga ciki, irin wadda rabonta da ita tun tana 'yar makaranta. Ta bi ta ƙarƙashin wata gada, sanyi ya lulluɓe ta, ta fito cikin rana. Ta ga masu kamun kifi a jere da ƙugiyoyinsu, ta ga wasu 'yanmata suna buga ƙwallo, ta ga wani gida mai jan rufi da tattabaru a kai. Duk wannan a birnin da take zaune, ba wanda ya kawo ta, ba wanda ya nuna mata.

Inda gangaren ya ƙare ta matse birki. Na bayan ya yi taurin kan da aka faɗa, na gaban ya kama, keken ya yi ƙiiii ya karkata, ta dire ƙafa biyu a ƙasa daram. Ba ta faɗi ba. Ta tsaya tana haki, tana murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

An jima sai ga su. Rediyo ce a gaba, takalmi ɗaya a hannu. Kafinta na baya, Kumatu a wuya, jaka a kafaɗa, bargo na jan ƙasa, fulas a hammata, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ka ce kana riƙe," in ji Malama.

Ya sauke kayan ya dafa gwiwa, sai da numfashinsa ya dawo. "Ina riƙe mana. Ba ki ga abin da nake riƙe da shi ba?"

"Umma, na gaya wa kowa ke ce!" in ji Rediyo. "Na gaya wa mai kare, na gaya wa masu kifi, wani ma ya ce in gaishe ki."

Suka zube a ciyawa. Kafinta ya sayo askirim a wajen wani mai kura, Kumatu ya shafe fuskarsa da shi har kunne. Da suka huta, Malama ta tashi ta buga kariyar keken, wajen ɗora kaya na baya, da tafin hannu.

"Taso, Abban Rediyo. Ka sha gudu, bari in rage maka hanya."

"Ni? Ina da iyali fa."

"Tsoro kake ji?"

Ya dubi 'yarsa, ya ga ta zuba masa ido. Ba yadda zai yi. Ya zaunar da Kumatu a bargo kusa da yayarsa, ya haye kariya, dogayen ƙafafunsa na jan ƙasa. Malama ta taka, keken ya yi gaba kaɗan, ya yi dama, ya yi hagu, Kafinta na salati yana cewa "Kalli gabanki!", sannan su biyun suka kife a ciyawa, tayar gaba na ta juyawa a sama. Rediyo ta rugo ta faɗa kansu. Kumatu da ya ga kowa a ƙasa yana dariya, shi ma ya tuntsure da gangan.

Washegari da safe Kafinta ya tashi zai tafi aiki, ya taka ƙasa ya ce wash. Cinyoyinsa sun ɗaure, da ƙyar ya kai banɗaki yana bin bango. Aka duba, burodi ya ƙare.

"Zauna, tsoho," in ji Malama. Ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta miƙa masa Kumatu. "Ka dai taimaka ka sauko min da keken."

"Da waɗannan ƙafafun?"

Ƙarshe ita da wata maƙwabciya da suka haɗu a matakala suka sauke shi, ɗaya ta kama gaba ɗaya ta kama baya. Kafin su kai ƙasa matar ta gaya mata ita ma ba ta iya ba, ta kuma tambaya ko ranar Lahadi akwai wurin ƙarin ɗaliba ɗaya.