Maki Shida na Sajan Fatawu

"Riƙe mini wannan," in ji Sajan Fatawu. Ya cusa wa Mumin kwalbar maganinsa a hannu, ya sunkuya yana ɗaura kariyar ƙauri.

"Haba Sajan! Na yi wa matarka Mma Adjara alkawari. Kallo kawai muka zo."

"To ai kai ka yi alkawarin. Sai ka yi kallon."

Ranar Juma'a ce da hantsi, a wani fegi tsakanin manyan ɗakunan ajiya biyu a Sanaiya, unguwar masana'antu a ƙasar Larabawan da suke ci-rani. Ana wasan ƙarshe na gasar kurket ta ma'aikata, wasan nan na bugun ƙwallo da katako. Masu gadi, waɗanda Sajan ke horarwa, sun kara da kanikawan gareji 'yan Pakistan. An rubuta sunan tsohon a ƙarshen jeri ne don cike gurbi kawai, ba wanda ya zaci layi zai zo kansa. Ga shi an fitar da mutum tara, saura jifa uku, kuma sai da maki shida za su ci.

Shekara bakwai ƙofar Mumin na kallon ta Sajan a wani bene a unguwar Matar Ƙadim. Dukansu 'yan Zongon Kumasi ne, Mumin direba, Sajan tsohon soja kuma shugaban masu gadi. Tun bara likita ya hana Sajan ko hawan bene da sauri saboda zuciyarsa. Wata mai zuwa ma zai ajiye aiki ya koma gida.

A motar Mumin kuwa, labarin Sajan ɗaya ne, na Kyaftin Hamfiri. Bature ne ɗan babban gida a Ingila, gidan da ke da filin kurket nasa na kansa. Ya bar wasa yana tashe ya shiga soja, aka ba shi rundunar da mahaifin Sajan yake ciki a yaƙin Bama. A sansani yakan sassaƙa katako ya koya wa sojoji bugu, yana Hausa a karkace suna dariya. Wata safiya harsashi ya same shi a bakin kogi yana da shekara ashirin da tara, mahaifin Sajan ne ya goyo gawarsa. Da ya dawo Kumasi bai zo da komai ba sai wasan, ya koya wa ɗansa a bayan masallaci.

"Yalla, Baba! Yalla!" masu gadi suka ɗauka, 'yan Nepal da 'yan Kenya da 'yan Sri Lanka, ana dukan jarkoki.

Mai jifan wani ƙato ne mai jan gemu. Ya sheƙo da gudu ya saki ƙwallo. Sajan ya kai bugu ya sami iska, har ya yi tangaɗi. Kanikawa suka fashe da sowa.

Jifa na biyu ya daki Sajan a cinya, tim! Ya ɗan durƙusa, ya miƙe, ya kakkaɓe wando.

"Khalas, Sajan, ya isa!" Mumin ya ƙwala. "Fito don Allah!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya gyara tsayuwa, ya ƙwanƙwasa katakonsa a ƙasa sau biyu, ya yi wa mai jan gemu alama da yatsa: taho.

Ƙarar da Mumin ya ji kamar an fasa busasshen icce. Ƙwallo ta tashi, ta wuce kan masu tsaro, ta wuce igiyar iyaka ba ta taɓa ƙasa ba, ta faɗa kan rufin kwano, kwaram! Alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu sama. Shida!

Mumin bai san lokacin da ya tsinci kansa a tsakiyar fili ba, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihu da Hausa, wani ɗan Nepal ya rungume shi yana ihu da nasa yaren. Aka ɗaga Sajan sama. Mai jan gemu ya ratso taron ya sumbace shi a goshi.

A hanya Sajan ya sa aka tsaya shan shayin karak, ya ba mai shayin labari tun daga farko. Ya kira ƙaninsa a Kumasi ya sake bayarwa, wannan karon ƙwallon har ta tsallake titi.

"Ni me zan ce wa Mma?" in ji Mumin da suka iso gindin bene.

"Bar ni da ita. Soja ba ya aika wani gaba."

Tana buɗe ƙofa ta ga ƙurar wandonsa. "Fatawu! Wasa ka yi?"

"Shida, Adjara! Tambayi Mumin. Har kan kwano!"

"Kai kuma Mumin, haka muka yi da kai?" Tana faɗa, dariya na ƙwace mata. Sajan ya karɓi muciyar da ke hannunta ya gwada mata bugun a tsakar falo, sannan ya zauna a kujera yana haki. Ya ce ta haɗa masa ruwan wanka kada su makara masallaci.

Mumin na sa jallabiya a ɗakinsa ya ji ta kira sunansa, kira ɗaya. Ya tarar da Sajan a kujerar, kai ya jingina da bango, muciya a kan cinya. Masu motar asibiti sun yi iya yinsu, amma rai ya riga ya yi halinsa.

"Mma, laifina ne," ya ce. "Da na riƙe shi."

Ta share ido da bakin mayafi. "Wa ya taɓa riƙe Fatawu? Shekara talatin da biyar ban iya ba. Yau da dariyarsa ya shigo mini."

Ranar Lahadi aka binne shi bayan la'asar. Mumin ya tsaya sallamar masu wankan gawa, shi ya sa ya dawo a makare. A ƙofar bene ya tsaya cak. Takalman masu ta'aziyya sun cika matakala, manyan takalman aiki masu ƙarfe a baki, wasu da baƙin mai, wasu da farar ƙurar siminti, an jera su bibbiyu tun daga hawa na biyu har bakin titi. Ya cire nasa ya ajiye a ƙarshen layi, ya hau a hankali.